Gudun fanfalaki: ba a fafe gora ranar tafiya

A wannan karo shafinmu na lafiya da noma zai yi bayani ne a kan gudu mai nisa, wanda ake kira gudun fanfalaki, wasu kuma su ce gudun yada ƙanin wani. Dalili shi ne, samari da yawa a Boso da Difa da garuruwan bakin Komadugu sun shiga sha'awar gudu. Suna jin labarinsa a rediyo, suna kallonsa a wayar hannu. Wasu har sun fara fita da sassafe. Wannan abin farin ciki ne, domin motsa jiki lafiya ne. Amma gudu mai nisa yana da ƙa'ida. Wanda ya bi ta zai ƙaru. Wanda ya yi gaggawa zai iya karya jikinsa, a lokacin zafi kuwa har ya rasa ransa. Saboda haka mu karanta a hankali, mu kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna.

Mene ne gudun fanfalaki?

Gudun fanfalaki tsere ne na ƙafa mai tsawon kilomita 42 da mita 195. Domin mu gane nisan, mu tuna cewa daga Difa zuwa Maine-Sorowa wajen kilomita 70 ne. Ke nan tseren ya fi rabin wannan hanya. Mai tafiya a ƙasa yakan ci kamar kilomita 5 cikin awa ɗaya. Idan bai tsaya ba, sai ya yi fiye da awa 8 kafin ya gama.

Turawa suna kiran tseren Maraton, sunan wani gari a ƙasar Girka. Labarin mutanen can ya ce, shekara 490 kafin haihuwar Annabi Isa, wani soja ya yi gudu daga Maraton zuwa birnin Atan domin ya kai albishir na nasarar yaƙi. Da ya isa ya faɗi saƙonsa, sai ya faɗi ya mutu. Don tunawa da wannan labari aka sa tseren cikin wasannin Olamfik na farko na zamani, a Atan, a shekarar 1896. Tsawon kilomita 42 da mita 195 kuwa a Landan aka fara gudunsa a 1908, aka tabbatar da shi a 1921.

Ƴan Afirka sun yi suna a wannan fage. A 1960, a birnin Rum, Abebe Bikila na ƙasar Habasha ya ci tseren Olamfik ba takalmi a ƙafarsa. Ya sake ci a Tokiyo a 1964. A 1996, a Atlanta ta Amurka, Fatuma Roba, ita ma ƴar Habasha, ta zama mace ta farko daga Afirka da ta ci tseren. A 2023, Kelvin Kiptum na Kenya ya gama shi a Shikago cikin awa 2 da daƙiƙa 35. Ƙasarmu Nijar ma ba a bar ta a baya ba. Abdu Manzo ya yi wannan gudu da sunan Nijar a wasannin Olamfik na 1988 da 1992 da 1996.

Waɗannan ƙwararru ne, gudu ne sana'arsu. Mu maganarmu a kan ɗan koyo take, manomi ko masunci ko ɗan tireda, wanda burinsa shi ne ya gama tseren lafiya. Irinsa yakan yi awa 4 ko 5, ko ma fiye. Babu abin kunya a ciki.

Ƙarfin noma daban, jimirin gudu daban

Wani zai ce: ni da nake wuni a gonar tattasai, nake ɗaukar buhu, mene ne gudu a wurina? Gaskiya ne manomi yana da ƙarfi. Amma aikin gona da gudu ba wuri ɗaya suke taɓa jiki ba. A gudu, duk takun da mutum ya yi, nauyin da ke sauka a ƙafa ɗaya ya ninka nauyin jikinsa sau biyu ko uku. A cikin tsere ɗaya kuwa ana yin taku fiye da 30.000.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Sassan jiki ba sa sabawa da gudu a lokaci ɗaya. Zuciya da numfashi suna sabawa da wuri, cikin ƴan makonni. Amma ƙashi da jijiyoyi da gaɓoɓi sai sun ɗauki watanni. A nan ne tarkon yake. Bayan wata ɗaya da farawa, mai gudu zai ji ya daina haki. Sai ya ɗauka ya ƙware, ya ninka nisa. Alhali ƙashin ƙwaurinsa da jijiyar dunduniyarsa ba su shirya ba. Daga nan sai ciwon gwiwa, ko kumburin agara, ko tsagewar ƙashi.

Mu manoman tattasai mun san wannan darasi. Ba a cire dashe daga wurin reno tun bai yi ƙwari ba. Ba a kuma zuba masa takin wata uku a rana ɗaya don ya yi saurin girma, sai ya ƙone. To, haka jikin mutum yake.

Kafin a fara, a je likita

Matakin farko ba a fili yake ba, a gidan likita yake. A je a auna jini. Hawan jini ciwo ne mai ɓoyewa, mutum yana iya ɗauke da shi shekaru bai sani ba. Waɗannan mutane kada su fara horon gudu mai nisa sai da iznin likita:

1. Wanda ya haura shekara 40 kuma ya daɗe bai yi wasan motsa jiki ba.
2. Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon zuciya, ko fuka.
3. Wanda yake jin ciwon ƙirji, ko jiri, ko ya taɓa suma yayin aiki mai wuya.
4. Wanda a gidansu wani ya taɓa faɗuwa ya mutu farat ɗaya yana matashi.
5. Mai ciwon sikila. Wanda gwajinsa ya nuna AS yana iya yin gudu, amma ya ninka hattara da zafi da ƙishirwa.
6. Mace mai ciki, ko wadda ta haihu ba da daɗewa ba.

Yara kuma su yi wasansu da gajeren gudu. Yawancin masu shirya gudun fanfalaki ba sa karɓar wanda bai kai shekara 18 ba.

Wata doka da ba ta da sassauci: mai zazzaɓi ba ya gudu. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kama ya je a gwada shi, ya shanye maganinsa duka, ya jira ƙarfinsa ya dawo. Wannan ciwo yana rage jini, jini kuwa shi ke kai iska ga tsoka. Idan ya warke, ya koma da rabin nisan da ya saba.

Matakai huɗu bisa lokutan shekara

Wanda bai taɓa gudu ba ya ba kansa shekara ɗaya ko fiye. A ƙasarmu ya kyautu a ɗora shirin bisa lokutan shekara, kamar yadda muke yi wa noma.

Mataki na 1: farkon sanyi, watan Nuwamba da Disamba. A fita sau 3 a mako, ana tsallake rana. A fara da tafiyar sauri ta minti 5 domin jiki ya ɗumama. Sannan a yi sassarfa minti 1, tafiya minti 2. A maimaita sau 8 ko 10. Kowane mako a ɗan ƙara sassarfa, a rage tafiya. Bayan mako 8 ko 10, yawancin mutane sukan iya gudun minti 30 ba tsayawa.

Mataki na 2: Janairu da Fabrairu. A ware rana ɗaya a mako ta doguwar fita. A riƙa ƙara mata minti 5 ko 10, har a kai gudun awa ɗaya, wato kusan kilomita 8 zuwa 10. Sauran ranaku biyu su tsaya a minti 30.

Mataki na 3: bazara da damina, daga Maris zuwa Satumba. Wannan lokaci ne na riƙe abin da aka samu. A Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a jiharmu. Kada a nemi ƙari a wannan lokaci. Minti 30 ko 40 bayan asuba ya isa. Idan ruwa ya sauka gari ya yi dama, a riƙa ɗaga doguwar fita sannu a hankali zuwa kilomita 15.

Mataki na 4: daga Oktoba zuwa Janairu, kimanin mako 16. Wannan shi ne ainihin horon tsere. A fita sau 4 a mako. Doguwar fita ta tashi daga kilomita 15 zuwa 18, zuwa 21, zuwa 25, zuwa 28, har 30 ko 32. Ba a gudun kilomita 42 a horo. Fita mafi tsawo ta kasance saura mako 3 a yi tsere. Daga nan sai a riƙa ragewa, domin jiki ya huta ya tara ƙarfi.

Mai bin wannan tsari zai shirya daidai farkon shekara. Gudun fanfalaki na birnin Legas, wanda aka fara a 2016, yawanci cikin watan Fabrairu ake yinsa. Amma kafin a yi tunanin tafiya mai nisa, a fara shiga tseren kilomita 5 ko 10 idan an shirya shi kusa, sannan na kilomita 21, wato rabin fanfalaki.

Yaya za a auna nisa? Kewayen babban filin ƙwallo ya kai wajen mita 340, saboda haka zagaye 3 kusan kilomita ɗaya ne. A kan babbar hanya kuma akwai duwatsun kilomita. Wanda ba shi da ko ɗaya ya auna da agogo. Ga ɗan koyo, minti ya fi kilomita muhimmanci.

Dokoki huɗu na horo

Doka ta farko: gudun hira. Yawancin gudu a yi shi a hankali, yadda mutum zai iya magana da abokinsa ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Idan ba ka iya faɗin jimla guda, ka yi sauri da yawa. Irin wannan gudu ne yake ƙarfafa zuciya, ya ƙara ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka.

Doka ta biyu: ƙari kaɗan kaɗan. Masu horarwa sukan ce kada ƙarin mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Wanda ya yi kilomita 20 a wannan mako, ya yi 22 a mako mai zuwa. Bayan mako 3 ana hawa, a sauka a na huɗu, a rage nisa. Da yayyafi kogi kan cika.

Doka ta uku: hutu ma horo ne. Ba lokacin gudu jiki yake ƙaruwa ba, lokacin hutu da barci ne yake gyara kansa. A nemi barcin awa 7 ko 8. A lura kuma, ranar da aka wuni ana ban ruwa, ko dashe, ko tsinkar tattasai, ba ranar hutu ba ce. Kada a haɗa doguwar fita da babban aikin gona a rana ɗaya. Gona ce ke ciyar da gida, ita ce gaba.

Doka ta huɗu: a rarrabe gajiya da rauni. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu, a ƙafafu duka biyu, ba komai ba ne. Amma ciwon da ya tsaya wuri ɗaya, yake ƙaruwa idan ana gudu, ko yake sa ɗingishi, rauni ne. A tsaya. Idan ya wuce mako ɗaya, a je likita.

Tun da mun iya rubutu, kowa ya sami ɗan littafi. Ya riƙa rubuta kwanan wata, da mintin da ya yi, da yadda ya ji jikinsa. Wannan littafi zai nuna masa ci gabansa, ya kuma hana shi yaudarar kansa.

Zafi da ruwa

A ƙasarmu babban abokin gabar mai gudu shi ne zafi. Tsoka mai aiki tana haifar da zafi a cikin jiki, gumi ne yake fitar da shi. A rana mai zafi mai gudu yana iya zubar da gumi lita ɗaya ko fiye cikin awa ɗaya. Idan ruwan jiki ya ragu, zuciya ta shiga wahala, zafi ya taru.

Saboda haka a yi gudu bayan asuba, kafin rana ta ɗaga. A sa tufafi marasa nauyi, masu haske, da hula. Kada a sa leda ko rigar sanyi don neman yawan gumi. Gumi ba kitse ba ne, ruwa ne, kuma wannan ɗabi'a tana da haɗari.

A sha ruwa kofi ɗaya ko biyu kafin fita. Idan gudun zai wuce awa ɗaya, a tafi da gora, ko wani ya biyo da keke. A riƙa kurɓa kaɗan kaɗan gwargwadon ƙishirwa. Kada a ɗura wa ciki ruwa fiye da kima, domin yawansa yana tsinka gishirin jini, shi ma yana kisa. Ga hanyoyi biyu na ganewa. Ta farko, launin fitsari: idan ya yi haske, ruwa ya isa, idan ya yi ja kamar shayi, akwai ƙaranci. Ta biyu, sikeli: a hau kafin doguwar fita da bayanta. Kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa.

Gumi yana tafiya da gishiri. Bayan doguwar fita ana iya shan ruwan gishiri da suga, irin wanda muka sani na gudawar yara. Haɗinsa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi 6 na suga a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Mu san alamun bugun zafi. Idan mai gudu ya fara tangaɗi, ko sambatu, ko amai, ko faɗa ba dalili, ko ya faɗi, ransa yana cikin haɗari, ko da yana gumi. A kai shi inuwa nan take. A cire masa kaya. A riƙa kwarara masa ruwa mafi sanyi da aka samu a duk jiki, ana yi masa fifita. Idan hankalinsa ya gushe, kada a ba shi abin sha, a kwantar da shi ta gefe. A fara sanyaya shi tun a wurin, a ci gaba a kan hanyar zuwa likita. Mintocin farko su ne na ceto.

Lokacin hunturu kuma ƙura ce matsala. Ranar da hazo ya rufe gari, a huta, musamman mai fuka. Sannan kada zafi ya sa a faɗa Komadugu ko tabki bayan gudu. A irin ruwan nan ake ɗaukar tsargiya, ita kuma tana zubar da jini ta fitsari. A yi wanka da ruwan rijiya ko na famfo.

Abincin mai gudu

Ba sai an sayo wani abinci daga waje ba. Abin da Komadugu da gonakinmu suke bayarwa ya isa. Gero da dawa da masara da shinkafa su ne makamashin gudu. Wake da kifi da nono da ƙwai da gyaɗa su ne masu gina tsoka. Zogale da yakuwa da sauran ganye, da hanta da nama idan an samu, suna taimakon jini. Kafin doguwar fita a sha koko ko kunu kaɗan. Idan an dawo a ci abinci sosai, kada a jinkirta.

Akwai wani abu da kowane mai fanfalaki ya sani. Jiki yana ajiye suga a tsoka da hanta, kamar hatsi a rumbu. Wannan ajiya takan ƙare bayan awa 2 ko makamancin haka, wajen kilomita 30. A nan ƙafa takan yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Maganinsa biyu ne: a fara gudu a hankali, a kuma riƙa cin wani abu mai zaƙi a hanya. Dabino 2 ko 3 kowane rabin awa, da kurɓin ruwa, yana taimakawa ƙwarai. A saba da wannan tun a horo domin ciki ya karɓa.

Sai gargaɗi mai girma. Kada a sha tiramol ko wata ƙwaya don kashe gajiya. Tiramol yana rufe ciwo ne kawai, rauni kuwa yana ƙaruwa. Yana kama mutum ya kasa bari, yana kuma jawo farfaɗiya. Tun daga 2024 hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta haramta shi a lokacin gasa. Magungunan ciwon jiki na ƴan talla ma, idan aka sha su kafin gudu mai nisa, suna iya lalata ƙoda da ciki. Taba kuwa ba ta zama wuri ɗaya da gudu.

A watan azumi a rage horo. A yi gajeren gudu na minti 20 ko 30 bayan an sha ruwa an huta. Kada mai azumi ya yi doguwar fita da rana.

Takalmi da hanya

Wani zai ce ai Bikila ba takalmi ya yi nasara. Haka ne, amma shi ya saba tun yana yaro, kuma bayan shekara 4 da takalmi ya ci na Tokiyo. Hanyoyinmu cike suke da ƙaya da ƙarangiya da fasassun kwalabe. A nemi takalmin gudu, ko na gwanjo ne, muddin ƙasansa bai cinye ta gefe ɗaya ba. A gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. A bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba. A sa safa, a yanke farce. A shafa man kaɗanya a cinya da hamata don kada su saluɓe.

Ƙasa mai tauri wadda ba ta da ramuka ta fi dacewa. Rairayi mai zurfi yana wahalar da agara, a shige shi kaɗan kaɗan. A kan kwalta kuwa a riƙa fuskantar motoci masu zuwa.

Dole mu yi maganar tsaro. Tun daga watan Fabrairun 2015, da aka kai hari Boso da Difa, zirga-zirga a jiharmu ta zama abin lura. Mai gudu ya bi lokutan fita da shiga da hukuma ta sa a garinsu. Kada ya fita cikin duhu. Kada ya nufi daji ko bakin iyaka, ko hanyar da mutane suka daina bi. Kada ya taɓa wani ƙarfe ko ƙunshi da ya gani a yashe, ya sanar da hukuma. Ya riƙe katin shaidarsa. Idan ya kusa shingen jami'an tsaro ya daina gudu, ya taka a hankali. Abin da ya fi shi ne a yi ƙungiya, mai gari ko mai unguwa ya san da ita, a zaɓi zagaye na kilomita 2 ko 3 kusa da gari a yi ta maimaitawa. Zagaye yana da wata fa'ida: ana iya ajiye tulun ruwa wuri ɗaya.

Mata ma suna da rabo a wannan. An sa tserensu cikin Olamfik tun 1984. Mata suna iya haɗa tasu ƙungiya, su yi amfani da filin makaranta, da suturar da ta dace mara nauyi. Su kula da abinci mai ƙara jini, domin ƙarancin jini ya fi yawa a cikinsu.

Ranar tsere

Ba a gwada sabon abu ranar tsere. Takalmi da tufafi da abinci duk su zama waɗanda aka saba da su. A ci abinci mara nauyi awa 2 ko 3 kafin a tashi. Idan aka busa usur, jama'a za su zabura. Kada a bi su. A yi rabin farko a hankali fiye da yadda zuciya take so. Wanda ya yi tanadin ƙarfinsa zai wuce da yawa daga cikinsu bayan kilomita 30. Tafiya a tsakiyar tsere ba laifi ba ce. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya ya nemi masu agaji. Tsere yana dawowa baɗi, rai ba ya dawowa. Bayan an gama, a ba jiki mako 2 ko 3 na hutu da tafiya kawai.

Kammalawa

Jama'a, ba kowa ne zai yi kilomita 42 ba, ba kuma dole ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi irin gudu. Wanda ya tsaya a mataki na 1 ma ya cika wannan. Zai rage haɗarin hawan jini da ciwon suga, ya sami barci mai daɗi da sauƙin damuwa. Mutanen da suka ga wahalar shekarun nan suna bukatar wannan. Wanda kuma ya ɗaura niyyar fanfalaki, ya je likita a wannan mako, ya nemi abokan fita, ya buɗe littafinsa, ya fara da minti ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Me ya sa ba a ninka nisan gudu da zarar an daina haki?
2. Su wane ne ba za su fara horo ba sai da iznin likita?
3. Me za mu yi idan abokin gudunmu ya fara tangaɗi da sambatu?
4. Lissafi: mai gudu ya yi kilomita 30 a wannan mako. Idan ya ƙara kashi ɗaya cikin goma, nawa zai yi a mako mai zuwa?
5. A garinmu, wane wuri ne ya fi dacewa da gudu cikin kwanciyar hankali?

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.